Hazon Hunturu Ba Ya Ɗauke wa Direba Laifi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Damagaram, har direban da ya taso daga Zinder ya nufi Magarya ta hanyar Dogo ya riƙa ganin amalanke sai ya zo daf da ita. A wannan lokaci ne wata magana take yawo a tasha da kasuwa: wai hatsarin da aka yi cikin hazo ba shi da mai laifi, don haka babu diyya. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma marayu da waɗanda suka nakasa ne suke asara saboda ita. Nijar tana cikin ƙasashen da suke aiki da dokar asirans ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 226 na dokar ya hana direba ko mai mota ya kafa wa wanda aka ji wa rauni hujja da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Hazon da yake zuwa kowace shekara, wanda direba ya gani tun kafin ya tada mota, bai ma kai wannan matsayi ba. Abin da yake yi shi ne ƙara wa direba nauyi: ya rage gudu yadda zai iya tsayawa cikin tazarar da idonsa yake gani.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, kuma Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara. Haka ne, amma addinin da ya koya mana yarda da ita shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma malaman Malikiyya tun da daɗewa sun ɗora wa mahayi alhakin ɓarnar dabbarsa. Karɓar diyya ba rashin tawakkali ba ne. Iyali suna da damar yafe haƙƙinsu, sai dai su san abu biyu: kamfanin asirans, wanda ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana, shi yake cin ribar yafiyar da aka yi cikin rashin sani, sannan yafiyar ba ta hana mai gabatar da ƙara kai direba kotu kan kisa ba da niyya ba.

Ana kuma cewa wanda ya tsallaka titi ba lura, ko mai amalanken da ya hau kwalta da asuba ba fitila, ya ja wa kansa, ba zai sami komai ba. Sashe na 228 ya ce wanda ba direban abin hawa mai inji ba ne, ana biyan sa raunin jikinsa ko da ya yi sakaci, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Sakacinsa yana iya rage kuɗin dukiyar da ta lalace, kamar amalanken ko kayan da ke ciki. Ɗan kabu-kabu kuwa direba ne a idon doka, laifinsa yana rage diyyarsa ko ya soke ta. Haka nan rashin lasin tuƙi ba ya hana a biya wanda aka buge: kamfanin ya biya, sannan ya bi mai laifin ya karɓi kuɗinsa.

Akwai maganganun da suke da gaskiya. Motar da asirans ɗinta ya ƙare, mai ita ne zai biya daga aljihunsa, kuma sau da yawa aljihun ba ya kaiwa. Wanda ya daki mota ta baya shi ne yawanci mai laifi, don bai bar tazara ba, amma babbar motar da ta lalace aka bar ta kan kwalta ba wuta, ba alama sai ƴan rassan itace, tana da nata kason. Batun cewa doguwar wuta ta fi ratsa hazo kuwa kuskure ne: haskenta yana bugun ƙurar ya dawo idon direba, gajeriyar wuta ta fi nuna hanya.

Duk wannan haƙƙi yana rataye ne a kan takarda. In aka ture motoci aka sasanta a bakin hanya kafin jandarma su zo su auna wurin su rubuta rahoto, da wuya a iya tabbatar da komai daga baya. A karɓi takardar likita tun ranar farko, a rubuta lambar motar da sunan kamfanin asirans ɗinta. Doka ta ba da shekara biyar daga ranar hatsari a nemi diyya, bayan haka ƙofar ta rufe.