Shokozoba Ba Ya Ɗaukar Lodi

Duk shekara idan kaka ta kama, aka fara kwaso masara da waken suya daga Giwa da Shika da ƙauyukan Hunkuyi, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a garejojin Samaru da Sabon Gari. Wai akwai manyan shokozoba masu gas, waɗanda idan ka ɗaura wa Hilux ɗinka ko a-kori-kurarka, sai ta ɗauki ƙarin buhu goma ba tare da bayanta ya zauna ba. Na ji maganar a bakin direbobi, na ji ta a bakin masu sayar da kayan gyara, kuma ta fi damuna idan na ji ta a bakin wanda ya san ba haka ba ne amma yana son ciniki.

A wani gareji da ke unguwar Jama'a na taɓa zama ina jiran gyara, sai ga mai Hilux ya shigo. Ya ce wa bakaniken, "Oga, bayan motar nan ya zauna. A sa min manyan shok, jibi ina da lodin Giwa." Bakaniken ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, ai sifirinka ne ya gaji, dubi ganyen ya miƙe sambal." Mai mota ya ce, "Kai dai sa abin da na ce." Aka sa masa. Bakaniken ne ke da gaskiya, kuma kuɗin da aka kashe ranar bai ɗaga bayan motar da ko ɗan yatsa ɗaya ba.

Nauyin mota da na kayanta kan sifirin yake, wato ganyayen ƙarfen nan da ke jere a baya, da na naɗe ko sandar murɗawa da ke gaba. Matsalar sifirin ita ce bai san tsayawa ba. Idan taya ta faɗa rami ya lanƙwasa, sai ya dawo da ƙarfi, ya sake lanƙwasawa, motar ta yi ta lilo. Aikin shokozoba ɗaya ne tak, shi ne kashe wannan lilon. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi ta san dabarar jefa ganye a saman bokiti don kada ruwan ya yi ta fantsama. Ganyen bai rage mata nauyin ko ɗigo ɗaya ba, wuyanta ne ke ɗauke da bokitin. Haka linzami yake ga doki: yana hana shi zabura, amma ko ka sayo na azurfa, dokin da ya rame ba zai ɗauki mutum biyu ba.

A cikin bututun shokozoba mai ne, da fistin mai ƙananan huji da bawul. Idan taya ta motsa, sai fistin ya tilasta wa man bi ta waɗannan hujin. Ɗauki sirinji ka cika da ruwa ka gwada: ka tura a hankali, zai tafi salin-alin, ka tura da gaggawa, sai ya turje maka. Ko ka tuna yadda muciya take a cikin tuwon da ya fara kauri. Idan ka ɗora mata hannu kawai, za ta nutse har gindin tukunya, sai ka zo juya ta da sauri ne za ka ji a kafaɗarka. Saurin motsi shi shokozoba ke turje wa. Buhunan da aka jera a bodi kuwa a zaune suke, don haka a hankali zai ba su hanya har sifirin ya karɓi nauyin gaba ɗaya.

To ina labarin gas ɗin? Ƙarfin girgizar da shokozoba ke shanyewa zafi yake komawa, shi ya sa idan ka taɓa shi bayan doguwar tafiya a kan gargada za ka ji shi da zafi. Man da ya yi zafi ana ta kaɗa shi yakan yi kumfa, fistin kuma ba ya samun abin turawa a cikin kumfa, sai motar ta fara lilo kamar babu komai a ƙarƙashinta. Wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, shi ya fito da maganin wannan a farkon shekarun 1950: ya matse iskar naitirojin a cikin bututun don ta danne man ta hana shi kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauki fasahar, a 1957 Mercedes ta fara fitar da motoci da ita. Amfanin gas ke nan, kuma babban amfani ne ga mai bin hanyar ƙauye awa biyu ko uku a jere. Gaskiya ne idan ka danne mai gas ka sake shi zai miƙe da kansa, abin da ake nuna wa mai saye ke nan a shago. Sai dai ka lura, yaron shagon da nauyin jikinsa kawai ya danne shi. Abin da yaro ɗaya ya danne, ta yaya zai tallafi buhu goma?

Yawancin motocin a-kori-kura, tun daga 404 da 504 na Peugeot har zuwa Hilux da Toyota ta fara ƙerawa a 1968, an yi su ne don kaya kimanin tan ɗaya, har da direba da yaran mota. Ko ba a lissafa mutanen ba, buhun masara mai kilo 100 guda goma ke nan, ko siminti da taki mai kilo 50 guda ashirin. Ka tsaya bakin titin Sakkwato a Samaru da yamma ka ƙirga abin da ke wucewa da idonka. Masu wayo kan ƙara ganyen sifirin biyu ko uku, kuma wannan lalle yana ɗaga bayan mota. Amma aksil ɗin na jiya ne, boris na jiya ne, tayoyi da birki ma haka. Akwai kuma wani abu da ba kasafai ake faɗa wa mai mota ba. A tsofaffin Hilux da yawa akwai ɗan bawul a baya da wata siririyar sanda ta haɗa da aksil, wanda ke auna yadda bayan ya zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi. Idan aka ɗaga bayan ba a saita sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka motar fanko ce, ya rage birkin baya alhali tana fama da kaya. Direba ba zai sani ba sai ranar da babur ya ɓullo masa a Kwangila.

Ban ce kada a canza shokozoba ba. Wanda ya mutu hatsari ne, domin taya takan riƙa tsalle tana barin kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Alamominsa a bayyane suke: mai ya jiƙa jikin bututun, taya ta cinye tudu da kwari, gaban mota ya yi sujada idan an taka birki, ko ka danna kusurwar mota ka saki ta yi ta rawa fiye da sau ɗaya ko biyu. Kamfanoni irin su KYB na Japan da Monroe na Amurka sukan ba da shawarar a duba su sosai a wajen kilomita 80,000, kuma mai bin hanyoyin gonakinmu da damina bai kamata ya jira wannan adadin ba. A canza biyu tare, hagu da dama. A auna tsawo, domin wanda ya yi tsawo da yawa zai riƙa dukan gindinsa har ya fashe ko ya ɓalle mazauninsa, gajere kuma zai riƙa ɗage taya daga ƙasa. A sa sababbin robobi, kada a ɗaure kusoshin ƙarshe sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta.

Inda abin ya fi wuya shi ne kasuwa. Lokacin da kamfanin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ke kan ganiyarsa, kayan asali a kusa suke. Yau kuwa, musamman tun faɗuwar naira a 2023, mai mota na tsaka mai wuya tsakanin sabo mai kwali kyakkyawa da ba a san asalinsa ba, da ɗan Beljiyam da aka wanke aka fesa wa fenti. Sayen tsohon shokozoba cinikin biri a sama ne, tunda ba ka ganin cikinsa. Wasu kuma sukan huda bututun su ɗura baƙin mai su toshe da walda. Man da ke ciki na musamman ne mai tsinkewa, baƙin mai ba ya maye gurbinsa, kuma huda mai gas ko kai masa wuta na iya raunata mai gyaran kansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ilimin nan a ƙofar gidanmu yake. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da aka kafa a 1986 tana nan a hanyar Basawa, sashen injiniyan injina na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Samaru, tafiyar ƙafa daga garejojin da nake magana a kai. Jami'an kan hanya sukan tambayi takardu da tukunyar kashe gobara, ba safai ake ganin wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar da bayanta ke shafar ƙasa ba. Da shugabannin makanikai da na direbobi a Sabon Gari za su nemi zaman yini ɗaya kafin kowace kaka, a yanka tsohon shokozoba gida biyu a ajiye kan tebur kowa ya ga fistin da hujinsa, a kuma nuna yadda ake saita sandar bawul ɗin baya, da masu koyarwar ba su yi nisa ba.