Satar da Ta Raya Ƙauyen Conques

Conques ƙauye ne a cikin wani kwari mai zurfi a yankin Aveyron, kudancin Faransa. A ƙarshen ƙarni na 8 wani mai zuhudu mai suna Dadon ya keɓe kansa a can, wasu suka bi sahunsa, har wurin ya zama gidan zuhudu. A 819 Sarki Louis, ɗan Sharlaman, ya ba gidan zuhudun kariya. Amma wurin shiru, ba baƙi. A zamanin, ƙasusuwan waliyyai ne ke jawo masu ziyara da sadakarsu, 'yan Conques kuwa ba su da waliyyin da ya yi suna.

Garin Agen kuwa yana da tasa waliyyiyar. Sunanta Foy, yarinya 'yar kimanin shekara 12 da Romawa suka fille wa kai wajen 303 saboda ta ƙi yi wa gumakansu hadaya.

Yadda labarin ya zo daga 'yan Conques da kansu, sun tura ɗan'uwansu Ariviscus zuwa Agen. Ya shiga cikin malaman cocin kamar baƙo mai neman lada, ya yi ta hidima da ladabi har shekara goma, sai da suka damƙa masa tsaron kabarin. Ranar wani biki, ana can ana cin abinci, ya fasa kabarin, ya kwashe ƙasusuwan, ya ranta a na kare. Wajen 866 ya iso gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara goman nan, kullum yana gaisawa da mutanen da ya zo ya yi wa sata. 'Yan Conques ba su ɓoye ba. A ganinsu, da waliyyiyar ba ta yarda ba, da ba ta ɗauku ba.

Sai hanya ta buɗe. Aka sa ƙoƙon kanta cikin wani mutum-mutumi na itace mai rufin zinariya, tsayinsa santimita 85. Da malami Bernard na Angers ya zo a 1013, kallon gunki ya fara yi wa irin waɗannan siffofi, daga baya shi ne ya rubuta littafin karamominta. Fursunonin da suka ce ita ta kuɓutar da su kan kawo sarƙoƙinsu Conques, har maƙera suka ƙera shingen ƙarfe na cocin da su.

Lokacin juyin juya halin Faransa, da hukuma ta zo ƙwace dukiyar coci, mutanen ƙauyen suka rarraba kayan, suka ɓoye a gidajensu. Da ƙura ta lafa suka mayar. Mutum-mutumin yana nan a Conques har yau.