Matse Hoto da Canjin Risiba: Darasi daga Kamfanonin Telebijin na Tauraron Ɗan'adam a Amurka

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wani al'amari da ya auku a harkar telebijin ta tauraron ɗan'adam a ƙasar Amurka, daga shekarar 2005 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya. A wannan tsakani ne manyan kamfanoni biyu na ƙasar, watau DirecTV da Dish Network, suka sauya dabarar da suke matse hoto da ita kafin su aika shi sama, suka bar tsarin MPEG-2 suka kama MPEG-4. Sauyin bai tsaya a tashoshin aikawa ba, sai da ya bi mutane gida-gida, domin akwatin nan da ke karɓar hoto a ɗakin mai kallo, wanda muke kira risiba ko dikoda, bai san sabon tsarin ba. Za mu duba abubuwa huɗu: ma'anar matse hoto, abin da ya tilasta sauyin, dalilin canja risiba, da kuma wanda nauyin abin ya faɗa wa.

2.0 Ma'anar Matse Hoto

Hoton telebijin jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa bi da bi, 25 ko 30 a daƙiƙa guda, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa tarin ɗigogi ne ƙanana. Hoton da aka saba da shi a Amurka yana da ɗigo 720 a kwance da layi 480 a tsaye, jimla 345,600 ke nan. Shi kuwa hoto rangaɗau, wanda aka fi sani da HD, yana kai ɗigo 1,920 da layi 1,080, watau 2,073,600, ninki shida na wancan. In aka ce za a aika da shi ɗanye yadda ya fito daga kyamara, zai ci megabit 1,485 a kowace daƙiƙa, alhali kuwa bututu ɗaya na tauraro, wanda ma'aikata ke kira taransfonda, 'yan gomomin megabit kawai yake ɗauka. Ashe ke nan lalle ne a rage nauyin hoton kusan sau ɗari kafin ya sami wucewa.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a rage maimaici a cikin hoto guda. Ana yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, sa'an nan a bi shi da wani lissafi wanda Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka bayyana a 1974, a ware abin da ido ke kula da shi a ajiye, a zubar da wanda ba ya kula da shi. Ta biyu ita ce a rage maimaici tsakanin hoto da mai bi masa. Alal misali, mai karanta labarai yana zaune, bangon da ke bayansa ba ya motsi, bakinsa da idanunsa kaɗai ke aiki. To, ba sai an sake aiko da bangon sau 30 a daƙiƙa ba. An aiko shi sau ɗaya ya isa, sauran kuwa sai a riƙa aiko da abin da ya canja kurum, kamar yadda malamin awo ke sa alamar "haka nan" a littafinsa maimakon ya sake rubuta sunan kaya iri ɗaya a kowane layi.

Wannan dabara tana da iyaka. Wasan ƙwallo, da taron jama'a, da ruwa mai gudu, duk motsi ne ko'ina, saboda haka ba su matsuwa da sauƙi. In aka matsa musu fiye da kima sai hoton ya farfashe ya koma dara-dara, abin da duk mai kallon ƙwallo ya sani.

An kafa kwamitin masana na MPEG a 1988, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da MPEG-2, wanda telebijin na tauraro da faifan DVD suka ginu a kansa. Daga baya kwamitin ya haɗa kai da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, a 2003 suka fitar da H.264, wanda a kasuwa ake ce masa MPEG-4. Sabon tsarin yana iya yanka hoto ƙanana har ɗigo 4 sau 4, yana iya waiwayar hotuna da yawa na baya domin neman abin da ya yi kama, kuma yana goge bakin gidajen don kada su fito fili. Amfanin duk wannan shi ne, ana samun hoto mai kyau iri ɗaya da kimanin rabin nauyin da MPEG-2 ke bukata.

3.0 Abin da ya Tilasta Sauyin

Taurarin telebijin suna zaune ne a da'ira guda, kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa faranti ke fuskantar wuri ɗaya har abada. Arthur C. Clarke ne ya yaɗa wannan tunani a 1945. Gurabe a wannan da'ira ƙididdigaggu ne, haka nan zangon da aka yarda kowane kamfani ya yi aiki da shi. A gurbin digiri 101 yamma, inda DirecTV ya soma aiki a 1994, bututu 32 ne ke akwai a zangon Ku. Bututun da ke ɗaukar tasha goma ko fiye ta tsohon hoto, biyu ko uku kacal yake ɗauka in hoto rangaɗau ne a tsarin MPEG-2.

Bugu da ƙari, akwai batun tashoshin garuruwa. Wata doka ta 1999 ta ba kamfanonin tauraro damar kai wa kowane yanki tashoshinsa na gida, kuma daga 2002 aka wajabta cewa wanda ya ɗauki tasha ɗaya a yanki sai ya ɗauki sauran. An kasa Amurka yanki 210 ta fuskar telebijin. Da waɗannan tashoshi suka soma watsa hoto rangaɗau, sai lissafi ya ƙi fita, ga kuma kamfanonin da ke kai telebijin ta waya suna neman ƙwace masu kallo. Kafin a sami mafita, an riƙa rage ɗigogin hoto ana cusa tashoshi fiye da kima a bututu guda, masu kallo kuwa suka lura, suka yi ta ƙorafi cewa ba abin da suka biya ke nan ba.

Harba sabon tauraro yana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli da shekaru na jira, saboda haka DirecTV ya haɗa magani uku wuri guda. Ya ɗauki MPEG-4. Ya ɗauki sabon tsarin aikawa na DVB-S2, wanda aka tabbatar a 2005, mai ƙara wa bututu kimanin kashi 30 cikin ɗari. Sa'an nan ya shiga sabon zango mai suna Ka, da taurarin Spaceway 1 da Spaceway 2 waɗanda aka harba a 2005, da DirecTV-10 a Yulin 2007, da DirecTV-11 a Maris na 2008, a guraben digiri 99 da 103 yamma. A ƙarshen 2005 ya fara kai tashoshin garuruwa da sabon tsarin, a farkon 2007 kuma ya yi alkawarin tasha 100 ta hoto rangaɗau. Shi kuma Dish Network ya fara nasa a Fabrairun 2006.

4.0 Dalilin Canja Risiba

Mai tambaya zai ce, tun da kamfani kan aiko wa risiba gyara ta sama, me ya hana a koya wa tsohuwar sabon tsari ta wannan hanya? Amsa ita ce, aikin warware hoto ba manhaja ke yinsa ba. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da aka ƙera musamman don MPEG-2 tun daga masana'anta, ba ta san wani lissafi ba sai shi. Warware MPEG-4 kuwa yana bukatar aiki ninkin-ba-ninkin, wanda ya fi ƙarfin waɗannan akwatuna. Haka nan sashen da ke kamo sigina bai san DVB-S2 ba. Gyaran da ke zuwa ta sama yana iya sauya fasalin jerin tashoshi ko ya toshe wata ɓaraka, amma ba ya ƙera sabuwar ƙwaƙwalwa.

Farantin ma bai tsira ba. Masu DirecTV sun bukaci sabo, mai faɗi, wanda ke iya duban gurabe har biyar a lokaci ɗaya, watau 99, 101, 103, 110 da 119. Saita shi ya fi na da wuya, kuma zangon Ka ya fi Ku jin ruwan sama, don haka ƙaramin kuskure wajen saiti kan sa hoto ya ɗauke da zarar hadari ya taso. Ma'anar wannan ita ce kowane gida sai ma'aikaci ya je ya hau rufi.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin. A 2004 aka fito da risiba mai naɗar shirye-shirye, HR10-250, mai aiki da manhajar TiVo, ana sayar da ita kimanin dala 1,000. Ba a yi shekara biyu ba sai ga sababbin tashoshi da ba ta iya nunawa, a 2006 kuma aka fito da HR20 ta maye gurbinta. A ɓangaren Dish Network, ViP211 da ViP622 ne suka gaji na da.

5.0 Yadda aka Gudanar da Sauyin, da Wanda ya Biya

Ba a yi shi dare ɗaya ba. Da farko an bar tsofaffin tashoshi yadda suke, sababbi kuwa aka sa su a MPEG-4 kaɗai, domin kwaɗayinsu ya ja mutane su nemi canji da kansu. Daga nan aka riƙa watsa tasha ɗaya ta tsari biyu, ana yi wa masu tsohuwar risiba tayin musaya kyauta ko da rangwame, ana rubuta musu sanarwa a fuskar telebijin. Daga ƙarshe aka rufe na MPEG-2 ɗaya bayan ɗaya. A nan akwai abin lura: watsa tasha ta tsari biyu yana cin gurbin da ake neman tsimi, don haka duk jinkirin mai kallo hasara ce ga kamfani. Wannan ne ya sa kamfanin ya ga gara ya ɗauki yawancin kuɗin musayar. Shi ne kuma dalilin da ya sa aka fara da masu hoto rangaɗau, waɗanda ba su da yawa, aka bar tashoshin tsohon hoto a MPEG-2 shekaru da dama, saboda akwatunansu sun kai miliyoyi masu yawa.

Duk da haka mai kallo bai fita salin-alin ba. Daga Maris na 2006 DirecTV ya koma ba da risiba haya maimakon sayarwa, kuma karɓar sabuwa kan zo da alkawarin ci gaba da biyan kuɗin wata har shekara biyu. Shirye-shiryen da mutum ya naɗa a tsohuwar ba su ƙaura zuwa sabuwar. Wanda ya sayi tasa da tsada ya ga darajarta ta zube tana da lafiyarta ƙalau. Akwatunan da aka ajiye kuwa suka shiga sahun tarkacen kayan lantarki, waɗanda zubar da su wata matsala ce mai zaman kanta.

6.0 Abin Lura a Gare Mu

Wannan al'amari ba sau ɗaya yake faruwa ba. A 2013 aka fitar da HEVC, wanda ya sake rage nauyi kusan rabi, domin hoton 4K mai ɗigo 3,840 da layi 2,160. Faransa ta daina MPEG-2 a telebijin ta eriya ranar 5 ga Afrilu, 2016, Jamus kuma ta koma HEVC a Maris na 2017. A Nijeriya ma, shirin komawa telebijin na dijital da aka ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016 a kan MPEG-4 aka gina shi.

Bambancinmu da Amurka shi ne, gidaje da yawa a garuruwanmu tashoshin kyauta suke kallo, da risibar da suka saya a kasuwa da kuɗinsu. Ba su da kamfanin da zai zo ya musanya musu. In tasha ta koma MPEG-4, tsohuwar risiba kan ba da murya ba hoto, in kuwa ta koma DVB-S2, ko sunanta ba za ta gani ba. Sau da yawa mai gida kan ɗauka faranti ne ya goce, ya biya mai saiti a banza. Saboda haka muna ba da shawara uku. Mai saye ya duba jikin kwali ya tabbata an rubuta DVB-S2 da MPEG-4, in da hali har da HEVC. Tashoshi su riƙa sanar da masu kallo da harshen da suke ji, tun watanni kafin su sauya. Hukumomi kuma su sa ido kada a mayar da kasuwanninmu juji na akwatunan da wasu ƙasashe suka yar.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarancin gurbi a sama, da nauyin hoto rangaɗau, da gasar kasuwa, su ne suka haɗu suka tilasta komawa MPEG-4, kuma ƙirar risiba ce ta sa sauyin ya shiga kowane ɗaki. Hausawa na cewa in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Abin da ya rage a kowane sauyi shi ne a san wa zai biya, kuma a ba shi wa'adin da zai shirya. Muna fata masana sadarwa da na shari'a da ke wannan zaure za su ɗora daga inda muka tsaya.