Harafin Tsakiya a Sunayen Mutanen Ƙasar Yauri

Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Sunan yanka gare shi, sa'an nan a kira shi ɗan wane. Rajistar makaranta ita ta yawaita na uku: da masu suna Muhammadu suka cika aji, sai malamai suka riƙa rarrabe su da garuruwansu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Haka aka yi a ƙasar Yauri, aka sami masu amsa Yelwa, ko Shanga, ko Ngaski, kamar masanin tarihin nan Mahdi Adamu Ngaski.

To, suna uku ya yi wa layin takarda tsawo, don haka aka matse na tsakiya ya koma harafi guda, galibi kuwa na uba ne. Harafin "A" kuma ba ya faɗin ko Abubakar ne, ko Adamu, ko Aliyu.

Abin ya fi nauyi a bakin tafkin Kainji. Da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya ci ƙauyuka da tsibiran Gungawa, aka sake wa mutane mazauni. Mai neman asalin wanda ya tashi daga can sai ya tarar garin yana ƙarƙashin ruwa, uban kuma harafi ɗaya ne a takarda.