Amsoshin Wasiƙunku: Na'urar da ke zubar da mafi yawan abin da ta gani

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, falke mai fataucin awaki tsakanin Isa da Sabon Birni, ya rubuto cewa ya ji wai akwai wata na'urar bincike a Turai wadda ta ci dukiya mai yawa, amma tana watsar da kusan duk abin da ta gani. Shin wannan ba almubazzaranci ba ne?

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Labarin gaskiya ne. Sunan na'urar LHC, a cibiyar CERN kusa da birnin Janeba. Rami ne zagayayye mai kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ratsa iyakar Suwizalan da Faransa. An fara kunna ta a 2008.

A ciki ake gwara ƙwayoyin zarra, ƙanana ainun, don a ga abin da zai fito. Tarin ƙwayoyin kan haɗu har sau miliyan 40 cikin daƙiƙa guda. Ba rumbun kwamfuta da zai iya ɗauke bayanin duka. Saboda haka aka yi matacin da ake kira tiriga, wato kunama irin ta bindiga.

Ai kai ma haka kake yi a kara. Daga nesa ka zaɓi jar akuya da ido, sa'an nan ka matso ka duba haƙori da fata. Tsakanin 2015 da 2018, matakin farko na tiriga kan zaɓi kimanin 100,000 a daƙiƙa, tun kafin ƙiftawar ido. Mataki na biyu, dubban kwamfutoci, ya tace su zuwa kimanin 1,000. Ka ga ɗaya ke nan cikin 40,000.

Amma fa akwai haɗari. Akuyar da ka bari kana iya tarar da ita kasuwa mai zuwa. Abin da tiriga ta zubar kuwa ya tafi har abada. In aka tsara ta ba daidai ba, sai a shiƙar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Shi ya sa ake ajiye kaɗan ba tare da zaɓe ba, don a auna aikin matacin.

Ta wannan hanya aka gano ƙwayar Higgs, wadda ba ta fitowa sai sau ɗaya cikin karo fiye da biliyan guda. An ba da sanarwar ranar 4 ga Yuli, 2012.

Da fatan ka gamsu, malam. Allah ya ba da kasuwa.