Hanza: Icen da ba ya barin manomi cikin yunwa

Ya ku manoman Damargu, maza da mata, a wannan fitowa za mu yi magana a kan hanza, wadda wasu ke kira anza. Kowa ya san ta, daga Tanut har Belbeji. Amma da yawa cikinmu ba ma tuna ta sai rumbu ya ƙare.

Ƙasarmu ta hatsi ce, sai dai ruwan sama kaɗan ne, sau da yawa ba ya kai milimita 300 a shekara. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A 2005 ma, bayan fara ta cinye gonaki a 2004, gidaje da dama dilo, wato ƴaƴan hanza, shi ya riƙe su. Gero na mutuwa idan ruwa ya ɗauke, ita kuwa saiwarta na nisa cikin ƙasa.

Amfaninta a kowane lokaci

Daga ƙarshen kaka zuwa cikin ɗari, hanza tana fid da ƙananan furanni masu ƙamshi, ƙudan zuma na zuwa kansu. Da bazara, lokacin da daji ya bushe, ganyenta na nan kore shar, tana tare iska, tana riƙe ƙasar gona. Dabbobi ba su cika cin ta ba. Da farkon damana ƴaƴanta ke nuna, su yi rawaya, daidai lokacin da abinci ya yi wuya. Bayan girbi kuma, ana sa ganyenta cikin rumbu don korar ƙwarin wake da na hatsi.

Yadda ake shuka ta

1. A tsinko ƴaƴa nunannu, a cire ɓawo da tsokar, a wanke ƙwayar.
2. A shuka da wuri cikin damana. Irin hanza ba ya jure ajiya, in ya daɗe ba ya tsira.
3. A tona ɗan rami mara zurfi a iyakar gona ko gefen garka, a sa ƙwaya 2 ko 3.
4. A kafa sanda don kada hauya ta sare ta, a riƙa cire ciyawa kewaye da ita.

Shuka a wurin da za ta zauna ya fi dashe, domin saiwar na tafiya ƙasa ba tare da an katse ta ba. Wannan dabara ce ƙungiyar Eden ta yi ta gwadawa a Dalli, kusa da Tanut, tun ƙarshen shekarun 1980. Hanza ba ta da saurin girma, sai ta yi shekaru kafin ta ba da ƴaƴa. Sannu ba ta hana zuwa. Wadda kuma ta fito da kanta a gona, kada a tumɓuke ta lokacin sassabe.

Hattara da ɗacin dilo

Ruwan nunannen ɗa yana da zaƙi, ana shan sa. Amma ƙwayar ciki tana da ɗaci mai guba. Dole a ɓare ta, a jiƙa ta kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake sabo kullum, har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Mun san ruwa na da wuya a rijiyoyinmu masu zurfi, amma kada a rage jiƙon. Iyaye mata, ku hana yara cin ƙwayar da ba a jiƙa ba. Wanda ya ci ya kama amai ko jiri, a kai shi likita nan da nan.

Dilon da aka gyara abinci ne mai gina jiki. Ana dafa shi kamar wake, ana kuma niƙa garinsa a haɗa da na hatsi. Tun 2014 kamfanin Sahara Sahel Foods na Damagaram ya fara sayen sa daga hannun matan karkara, yana sarrafa shi. Ashe abin da muke kira cimar yunwa ya zama abin kasuwa.

Muna kira ga kowane ɗalibin yaƙi da jahilci ya shuka rami 10 a damana mai zuwa, ya rubuta ranar shukar a littafinsa, ya kuma karanta wa maƙwabtansa wannan shafi. Allah ya ba mu damana mai albarka.