Taron Farkaswa da Injin Ɗab'i: Yadda Wa'azin Fili Ya Jingina da Takarda

Taron farkaswa, a wurin Kiristoci, taro ne na musamman da ake shiryawa na 'yan kwanaki ko makonni, galibi a wajen majami'a: a buɗaɗɗen fili, ko a ƙarƙashin ƙaton tanti, ko a filin wasan ƙwallo. Manufarsa biyu ce, wato ta da masu bi waɗanda zuciyarsu ta yi sanyi, da kiran waɗanda ba su ba da gaskiya ba su tuba. Tsarinsa sananne ne. Akan fara da waƙoƙi da addu'a, wasu su ba da shaida, mai bishara ya hau dandamali ya yi wa'azi, sannan a ƙarshe ya ce duk mai son karɓar Yesu ya fito gaba. Abin da ido ke gani ke nan. Amma tun farkon wannan al'ada, takarda ce ke tara jama'ar, ita ce a hannunsu yayin taron, ita ce kuma ke bin su gida bayan an naɗe tanti.

Asalin taron irin na yau yana komawa Ingila a 1739, lokacin da George Whitefield ya fara yi wa masu haƙar kwal wa'azi a fili a Kingswood, kusa da Bristol, domin limamai da yawa sun rufe masa ƙofofin majami'unsu. Ba da jimawa ba John Wesley ya bi sawunsa. A wannan shekarar Whitefield ya ƙetara zuwa Amurka, kuma kafin ya isa gari labarinsa ya riga shi, don jaridu suna buga inda ya tsaya da yawan mutanen da ya tara. A Filadelfiya ya haɗu da Benjamin Franklin, wanda a lokacin ɗab'i ce sana'arsa. Franklin bai karɓi koyarwar Whitefield ba, amma shi ya riƙa buga wa'azozinsa da labaran tafiye-tafiyensa, kuma sun samu kasuwa sosai. Wata rana ma, ana cikin wa'azi, Franklin ya yi ta ja da baya a kan titi har inda muryar ta daina fita sarai, ya auna tazarar, ya lissafa cewa mutum sama da 30,000 za su iya jin mutumin nan, a zamanin da babu lasifika.

Wesley shi ya mai da wallafa wani reshe na aikin kansa. Ya taƙaita littattafan magabata ya fitar da su a juzu'i 50, ya kafa mujalla a 1778, ya kuma umarci masu wa'azinsa da ke yawo a kan dawaki su riƙa ɗaukar littattafai masu araha suna sayarwa duk inda suka sauka. Ƙanensa Charles ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000. Hikimar a fili take: talakan da ba zai iya riƙe dogon bayanin tauhidi ba zai riƙe shi idan an sa masa a waƙa. Daga wannan farkawa ne aka samu ƙungiyar buga ƙananan ƙasidun addini a Landan a 1799, da ƙungiyar yaɗa Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya a 1804.

A Amurka, Charles Finney ya kawo sauyi babba. Magabatansa suna ɗaukar farkawa a matsayin abin da Allah ke saukarwa lokacin da ya so. Shi kuwa ya ce farkawa tana da hanyoyin da idan an bi su za a ga sakamako, kamar yadda manomi ke shuka ya jira girbi. Ya ware benci a gaba inda masu damuwa da zunubansu ke zuwa su zauna a yi musu addu'a, kuma daga nan kiran fitowa gaba ya ƙara kafuwa. Laccocinsa a kan farkawa sun fara fita ne kashi-kashi a wata jaridar addini ta New York, sannan aka haɗa su littafi a 1835. Malaman ikilisiya da dama sun soki ra'ayinsa, suna cewa ya mai da tuba dabarar ɗan Adam, kuma har gobe ba a rufe wannan muhawara ba.

Mai bishara Dwight Moody da mawaƙinsa Ira Sankey sun zagaya Birtaniya daga 1873 zuwa 1875. Jama'a suka matsa suna neman waƙoƙin da Sankey ke rerawa, sai aka buga su a ɗan ƙaramin littafi, wanda ya yi ta kumbura har ya zama ɗaya daga cikin littattafan waƙoƙin coci da suka fi yaɗuwa a duniya. Kuɗin da ya shigo bai tafi aljihun mutanen biyu ba, an damƙa shi ga amintattu, aka yi ginin majami'a da makarantu da shi. A 1894 Moody ya kafa ƙungiyar buga littattafai masu sauƙin kuɗi, waɗanda 'yan talla ke kaiwa gida-gida, bayan ya lura cewa sababbin tuba ba sa samun abin karantawa daidai ƙarfinsu.

Billy Graham ne ya kai wannan haɗin gwiwa na wa'azi da takarda ƙololuwa. Taronsa na tanti a Los Angeles a 1949 an shirya shi na mako 3, ya kai mako 8, bayan jaridun William Randolph Hearst sun ɗauki labarinsa suka baza a faɗin Amurka. A 1956 ya taimaka aka kafa mujallar Christianity Today, a 1960 kuma ƙungiyarsa ta fara fitar da Decision. Sai dai abin da ya fi muhimmanci a tsarinsa yana faruwa ne a ƙasan dandamali. Duk wanda ya fito gaba, akwai mai ba da shawara da aka horar tun makonni kafin taron, yana tsaye da kati da fensir. Zai rubuta sunan mutumin da adireshinsa da cocin da ya fi kusa da shi, ya yi addu'a tare da shi, ya miƙa masa Bisharar Yohanna da ɗan littafin darussa. Da daren nan wasu ma'aikata za su zauna su tantance katunan, a aika wa fastocin unguwanni. Graham ya ɗauki wannan bibiya da muhimmanci har ya nemi taimakon Dawson Trotman, wanda ya kafa ƙungiyar Navigators, don ya tsara masa ita.

A Nijeriya, sau da yawa takarda ce ta riga mai wa'azi isowa. Wajen 1920 mujallar wani coci na Filadelfiya mai suna Faith Tabernacle tana shigowa ƙasar Yarbawa ta gidan waya, kuma masu karanta ta suna cikin waɗanda suka tsaya wa babbar farkawar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930. A Arewa kuwa, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Shi da Littafin Waƙoƙi ne suka sa Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa na Filato da Kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa, waɗanda kowace da harshenta. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara mujallar African Challenge a Legas a 1951, kuma shagunan littattafai na Challenge sun samo sunansu daga gare ta. Graham da kansa ya zo Nijeriya a 1960, ya yi wa'azi a birane da suka haɗa da Legas da Kaduna da Jos. Bayan 'yan shekaru aka fara shirin Sabon Rai Don Kowa a Jos, wanda bai jira baƙon mai wa'azi ba. Ya horar da talakawan ikilisiya ne, maza da mata, su fita ƙungiya-ƙungiya da ƙananan littattafai da waƙoƙin Hausa zuwa ƙauyuka da kasuwanni.

Reinhard Bonnke, Bajamushen da ya kafa ƙungiyarsa a 1974, yana cikin waɗanda suka tara jama'a mafi yawa a ƙasar. Ƙungiyar ta ce mutum miliyan 1.6 ne suka halarci zama guda a Legas a Nuwamban 2000, kuma duk wanda ya cika kati ana ba shi ɗan littafin da Bonnke ya rubuta don sababbin tuba, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. Tarihinsa a Arewa yana da babi mai ɗaci. A Oktoban 1991 shirin taronsa a Kano, da irin tallar da aka yi masa a gari, ya haɗu da fushin Musulmi da yawa, rikici ya ɓarke, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, aka soke taron. Bonnke bai sake yin taro a Nijeriya ba sai 1999. Abin da ya faru ya nuna cewa fosta da takardar gayyata ba masu bi kaɗai ke karanta su ba, kuma kalmar da ta yi wa wani daɗi tana iya zama tsokana a kunnen maƙwabcinsa. Mai shirya taro a garin da addinai ke zaune tare, wajibi ne ya auna abin da zai liƙa a bango kamar yadda yake auna abin da zai faɗa a dandamali.

Akwai kuma batun ƙidaya. Alƙaluman da ƙungiyoyin bishara ke bayarwa na yawan waɗanda suka tuba, ƙidayar katuna ce, kuma fastoci da kansu sun sha faɗin cewa da yawa daga masu cika katin dama 'yan coci ne, wasu kuma ba a sake ganinsu bayan taro ya watse. Littafin da aka miƙa wa mutum ba zai amfane shi ba idan bai iya karatu ba, ko kuma an buga shi da harshen da ba ya ji sosai. Shi ya sa mishan-mishan na farko suka haɗa wa'azi da ajin koyon karatu, kuma a coci-coci da yawa na Arewa ajin baftisma ne ƙofar da manya suka bi suka iya karanta Hausar boko.

A yau sanarwar taro ta koma WhatsApp da Facebook, ana watsa wa'azi kai tsaye, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma yana cikin waya, a rubuce da kuma a murya. Duk da haka manyan tarurruka ba su daina buga katin tuba da ɗan littafin bibiya ba, kuma ikilisiyar unguwa ce har yanzu ake miƙa wa sunayen.